Yadda Allura Ta Auna wa Mijinta Tarakta

A kan cokali muka yi faɗa da matar ƙanena, kuma har gobe ina nan a kan bakana: rashin kunya ta yi mini.

Ƙanen nawa, wanda kowa ke kira Direba, ya dawo daga asibiti ɓarin jikinsa na hagu a shanye. Hannu ya rataye kamar jiƙaƙƙiyar igiya, ƙafa sai an ja ta, baki ya ɗan karkace. Ni na goye shi yana jariri, don haka ban nemi izinin kowa ba, na ɗauki kwano na zauna gabansa ina ba shi abinci a baki. Sai ga ta ta fito daga ɗakin ɗinkinta da zare a leɓe, ta zare cokalin daga hannuna kamar ta kama ɓarawo, ta danƙa masa a hannun dama.

"Yaya, wannan hannun lafiyarsa lau."

"Zubarwa zai yi."

"Ya zubar. Ni ke wanki."

"Ke wace irin mace ce? Mutum ya dawo daga bakin kabari ki ce ya ci da kansa?"

"Ai daga bakin ya dawo, bai shiga ba. Ranar da ya shiga sai ki zo mu yi kukan tare."

Na faɗa mata abin da ya zo bakina, wanda ba zan maimaita ba tunda yanzu akwai jikoki a gidan. Na kaɗa mayafina na fita. Shi kuwa ya zubar da rabin abincin a ƙirjinsa, ya cinye rabi.

Allura ake ce mata, kuma wanda ya laƙaba mata sunan ya san ta ciki da bai. 'Yar firit ce, in ta tsaya kusa da mijinta kanta bai wuce aljihun rigarsa ba. Amma duk inda ta sa kai sai ta huda ta fita, ta ja zarenta a baya. Ta aure shi yana kan titi da babbar mota, yau yana gida, gobe sai ƙurarsa. Wata macen da ta zauna tana leƙen hanya. Ita keken ɗinki ta saya, irin mai feda, ta kafa shi bakin taga inda take hango gonar da ke bayan gida. Ƙafa na taka keke, ido na kan masu noma, baki na kan yara. Babu ɗan ƙwadagon da ya taɓa yin barci a inuwa bai ji sunan kakansa ta tagar nan ba.

Direba bai taɓa tsayawa an auna shi ba, wai ba shi da lokaci. To ta yaya take masa riga? Sai ta yanka, ta haɗa, ta zura a jikinta, ta cusa matashi a ciki ta yi tumbi, ta zauna a bakin gado ta miƙe hannu kamar mai riƙe da sitiyari. Ta juya hagu, ta juya dama, ta ji inda hammata za ta matse shi in ya daɗe a zaune. Na taɓa shigowa na same ta a haka, dariya ta kusa kashe ni. Ko ta kalle ni. Kuma rigar ta zauna masa kamar a jikinsa aka haife ta.

Da baya ya fara yi masa ciwo sai ya sauka daga titi, ya sayi wata tsohuwar tarakta, ƙatuwa, mai hayaƙi kamar gobara, ya sa mata suna Giwa. Hawanta kaɗai aiki ne. Kulocinta sai namiji ya miƙe tsaye a kansa kafin ya nutse, giyarta sai an yi kokawa. Shi abin alfaharinsa ke nan. Ya nome tasa gonar, ya nome ta maƙwabta, ya dawo da yamma yana warin mai yana ba da labarin yadda ya fid da ita daga taɓo. A gindinta aka tsince shi ranar da ciwon ya buge shi.

Ɗansu na fari, wanda ni nake kira Ɗan Birni, yaro ne mai hankali, ba zan yi masa ƙarya ba. Shi ya yi ta zirga-zirgar asibiti. Amma hankalinsa irin na mutanen sama ne, masu kwana a bene. Ya zo ya zauna ya ce, "Umma, a gidana akwai ɗaki. Asibiti kusa, wuta da ruwa ba sa yankewa. Gonar nan akwai mai so. Baba ya huta haka nan."

"A benen?" in ji ta.

"Akwai taga babba, yana ganin titi."

"Mutumin da ya cinye titi da taya, shi za ka ajiye yana kallonsa ta taga kamar tsuntsun keji?"

"Umma, damina na zuwa. Wa zai hau Giwa? Ke?"

Ta tashi ta koma kan kekenta. Abin da ta sani shi ne mijinta ya daina magana. Kullum da safe sai ya ja sandarsa zuwa kujerar da ke fuskantar rumfar Giwa, ya zauna har rana ta kore shi. Wata safiya ta same shi a ƙasa a gefen tayar, goshi a fashe, hannun dama riƙe da ƙarfen matakala. Hawa ya gwada. Ta ɗaga shi, ta wanke masa jinin, ta ce, "Maigida, zan ba da Giwa a ba ni ƙarama, wadda za ka iya."

Ya ce, "Yi yadda kika ga dama. Ni me ya rage?"

Da ya zage ta, da ta fi jin daɗi. Wannan amsar ce ta tabbatar mata cewa in aka kai shi bene, ba zai ga wata daminar ba.

Washegari sai ga ta a ƙofata, ba gaisuwar kirki, ba ban haƙuri a kan cokali. Tana riƙe da igiya da ƙyallaye dogaye da wani guntun katako.

"Yaya, tashi ki raka ni. Ina neman wanda zai ɗaure ni, kuma ban san wanda zai ji daɗin aikin kamarki ba."

Wa zai ƙi irin wannan gayya? Na tashi.

Filin masu sayar da tarakta fili ne babba, an kewaye shi da waya, injuna jere suna ƙyalli, ja da kore da ruwan lemo. Mai wurin wani mai tumbi ne da makullai a ƙugu. Ya tare mu da fara'a yana cewa, "Iyaye, sannunku. Maigida na tafe ne?"

"Ga shi nan," in ji Allura, ta nuna kanta. Ta zauna a kan wata tsohuwar taya ta miƙo mini ƙafar hagu. Na ɗora katakon a bayan gwiwarta na naɗe, na ɗaure mata hannun hagu a jikinta, kuma Allah ya sani ban yi sakaci da ƙullin ba. Ta miƙe da kyar tana jan ƙafa. Makanikai suka bar aiki suka taru. Wani ya ce, "Wasan kwaikwayo aka kawo mana?" Na ce masa, "E, ana neman wanda zai fito a jaki, ga ka kuwa ko kwalliya ba sai an yi maka ba." Ya koma ƙarƙashin motarsa.

Ta yi wa mai wurin bayani a taƙaice: mijinta hannu ɗaya, ƙafa ɗaya, duk na dama, kai kuwa garau. Mutumin ya daina murmushi. Ya ce akwai wadda kowa ke yabo, ya kai ta. Ta tsaya ta dubi matakalar, ta kai mata kusan ƙugu.

"Wannan ai sai da tsani. Wuce."

Ta gaba ta hau, bayan ta kusa kifawa. Ta leƙa ƙasa ta ga feda a hagu.

"Wannan na mene ne?"

"Kuloci, Hajiya. Amma mai laushi ne ƙwarai, ko yaro..."

"Ko da auduga aka yi shi, wa zai taka? Aljani?"

Ya sosa ƙeya, ya kai ta can ƙarshen layi inda ƙananan suke, waɗanda ba su da kuloci sam. Feda ɗaya ce a dama: ka danna da yatsu ta yi gaba, ka danna da dunduniya ta yi baya, ka ɗaga ƙafa ta tsaya. Allura ta taka gaba, ta taka baya, sai na ga fuskarta ta saki. "Yaya, keken ɗinki ne aka sa wa taya!" Har mai wurin ya fara goge hannu yana murna, sai ta ce a nuna mata birki. Yana hagu.

"In ka saki fedar ai tsayawa take yi," in ji shi.

"A nan filin naka mai kama da faranti. Gonarmu tana gangarawa zuwa rafi. Kana so in je in tsamo mijina a ruwa?"

Ba a ranar muka samu ba. Mun shiga wani filin, mun shiga wani, kowane in ɗaure ta a bakin ƙofa, ta ja ƙafa ta shiga mutane na kallo. Igiyar ta goge mata hannu har ya yi ja. Wata taraktar sitiyarinta ya yi tauri ga hannu ɗaya. Wata sandar ɗaga garma tana ɓoye a bayan kujera ta hagu. Wata kuma tsakanin kujera da sitiyari akwai tudu, ƙafar da ba ta lanƙwasa ba ta tsallake shi. Ƙarshe dai mai tumbin ne ya aiko a kira mu, ya ce an kawo wata. 'Yar ƙarama ce, gajeriya, ƙasanta shimfiɗe ba tudu, birki da feda da sandar garma duk a dama, sitiyari yana juyawa da yatsa. Shi da kansa ya ɗaura wa sitiyarin wani ɗan dunƙulen ƙarfe da za a kama a murza da tafi ɗaya, ya sa mai walda ya ƙara mariƙi a inda hannun dama zai kai. Allura ta hau, ta zaga filin, ta yi baya ta shige tsakanin ganguna biyu ba ta taɓa ko ɗaya ba. Ta ce a zo a ɗauki Giwa.

Abin da ba ta auna ba shi ne bakin mutane. Kafin taraktar ta iso gida, labari ya riga ta. Wani tsohon abokin Direba na kan titi ya zo dubiya, kuma irin mutanen nan ne da ba su san inda ake taka birkin harshe ba. Ya zauna yana dariya har da hawaye, ya miƙe ya gwada masa yadda matarsa ke jan ƙafa a gari, hannu a maƙale, makanikai na tafi. "Wallahi kai sak! Har karkata kafaɗar!"

Direba bai yi dariya ba. Da aka sauke sabuwar a tsakar gida ya dube ta sau ɗaya ya ce, "An ɗauke giwa an kawo akuya." Daga nan ya sa aka kira masa ɗansa a waya ya ce, "Zo ka ɗauke ni."

Ina gidan ranar da Ɗan Birni ya zo. Ya shigo da motarsa har tsakar gida don kada uban ya yi tafiya mai nisa. Aka fara fito da jaka. Allura na tsaye tana kallo, ba ta taɓa ko tsinke ba. Da aka fito da jakar ƙarshe sai ta juya ta hau akuyar, ta tayar, ta tuƙa ta zuwa ƙofar gida, ta gitta ta a tsakiya, hanci na taɓa wannan ginshiƙi, garma na taɓa wancan. Ko kaza sai ta yi dabara kafin ta wuce. Ta kashe, ta zare makulli, ta zo ta tsaya gaban mijinta.

"Umma, mene ne haka?" in ji yaron.

"Da ubanka nake magana."

Direba ya ɗago. Bakin a karkace, amma kowace kalma ta fito. "Kin zaga gari kina kwaikwayona. Kin mai da ni abin dariyar makanikai."

"Na kwaikwaye ka, ƙwarai kuwa. Yau na fara? Duk rigar da ka sa tun muna da ƙuruciya, a jikina na fara gwada ta, da tumbin matashi. Ka taɓa cewa ta matse ka? Da can ƙaton ciki ne da kai, na ari ƙaton ciki. Yanzu ƙafa ɗaya ce da kai, na ari ƙafa ɗaya. Ni aka yi wa dariya, ba kai ba, kuma ban mutu ba."

"Akuya kika kawo mini."

"Giwar ai ta kayar da kai. Wannan ka hau ta, in ta matse ka a hammata ka faɗa mini." Ta kama hannunsa na dama, ta sa makullin a ciki, ta naɗe yatsunsa a kai. "Kana son bene? Bismilla, ga ƙofa. Amma mota ba ta fita sai an kawar da waccan, kuma makulli ɗaya ne."

Ɗan Birni ya matso da ladabi ya miƙa hannu. "Baba, kawo in matsar da ita."

Nan ne yaron ya yi kuskure. Da ya yi shiru, wataƙila da uban ya jefar da makullin a ƙasa. Amma a ce wa mutumin da ya koya maka riƙe sitiyari ya kawo ka matsar masa? Direba ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Kai? Da ka goga mini mota a bango kana koyo?"

"Gwaggo, ki yi musu magana mana," in ji yaron, ya juyo gare ni.

Na ce, "Ni baƙuwa ce, kallo na zo."

Direba ya dafa sanda ya miƙe. Daga kujerarsa zuwa ƙofa ba nisa, amma mun tsufa a tsaye kafin ya kai. Yaron ya yunƙura zai tallafe shi, uwar ta riƙe masa riga. Direba ya isa, ya jingine sanda, ya kai hannu, sai ya ji mariƙin nan daidai inda hannun ya sauka. Na ga ya ɗan tsaya. Ya ɗora ƙafar dama a matakala, ya ja jikinsa, ya zauna daɓas. Ya sunkuya ya kamo ƙafar hagun ta wando ya jawo ta ciki, ta shige ba abin da ya tare ta. Ya sa makulli. Ya dubi ƙasa yana neman kuloci irin na mai tsohon hali, bai gani ba, ya yi tsaki.

"Yatsu gaba, dunduniya baya," in ji Allura.

"Wa ya tambaye ki?"

Ya yi baya kaɗan, ya murza dunƙulen, ya yi gaba, ya sake baya, har hancin akuyar ya fuskanci waje. Ƙofa ta buɗe. Ɗan Birni ya je ya buɗe murfin motarsa yana jira uban ya ajiye ta a gefe.

Direba ya fita ƙofar, ya bi gefen katanga, bai tsaya ba. Muka ji ƙarar ta zaga bayan gida. Muka ruga ɗakin ɗinki, mu uku muka cushe a taga. Ga shi can a bakin gona. Ya tsaya, ya saki sitiyari, ya ja sanda, garma ta nutse, ya sake kamawa ya taka. Layin farko ya ɗan yi gwame. Na biyu kamar da zare aka ja shi. Da ya kai gangaren rafi sai muka ga ya taka birki ya juyo abinsa, yana wani ɗaga kai kamar mai jan tirela.

Yaron ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce a hankali, "In ya faɗo fa, Umma?"

"In ya faɗo a gonarsa ya faɗo. Je ka shigo da jakunkunan."

Sai da rana ta yi sanyi Direba ya dawo, ƙura har gira. Ya kashe inji ya zauna, ya ƙi motsi. Ashe sauka ce ta gagara. Ita Allura in ta gama gwaji tsalle take yi ta diro kamar fara, ba ta taɓa tunanin mutum mai nauyin buhu biyu ba. Ya zauna a sama yana zazzaga mata masifa, wai tela ce ta ɗinka riga ba ta bar wuyan cirewa ba. Ita kuma tana ƙasa tana ramawa, tana murna, don rabon da ya yi dogon zance haka tun kafin asibiti. Ƙarshe teburin yankanta aka jawo, ya zamo a kansa da mazaunai, ɗansa ya tare shi.

Ɗan Birni ya tafi da mota ba kowa a baya. Amma a bakin ƙofa na ji yana ce wa uwar zai bari a ga kamun ludayin daminar nan, in ciwon ya motsa zai dawo, kuma ba zai saurari kowa ba. 

Ni ma na ɗauki mayafina. Gwiwoyina sun ƙi ni tun daga lokacin, ban sake taka gidan ba, sai dai a kawo mini labari cewa an yi masa dakali a rumfa, yana hawa yana sauka shi kaɗai, yana zagin akuyar kullum yana goge ta da tsumma. A ranar dai Allura ta rako ni har titi, hannunta da sauran shatin igiyata. Ban ce mata sannu ba, kada kanta ya kumbura. Na ce:

"Ke, Allura. Kin ji abin da yaron nan ya ce. Ranar da ya dawo da motarsa, kada ki ɓata mai wajen tare ƙofa. Ki aiko a ɗauko ni ko a baro ne, a ajiye ni a tsakiya. In ya isa ya matsar da gwaggonsa."